Anya Zai Iya? Yadda Jama'a Ke Auna Shugaba Mai Jiran Gado

Daga ranar da hukumar zaɓe ta bayyana wanda ya yi nasara zuwa ranar da zai ɗaga hannu ya yi rantsuwa, mutum yana zama cikin wani hali mai ban mamaki. Ba shi da ikon sa hannu a takardar gwamnati ko guda, amma in ya yi tari sai kasuwa ta motsa. Tsawon wannan zama ya danganta da ƙasa. A Birtaniya ko kwana ɗaya ba ya cika: a wayi gari da sakamako, kafin la'asar sabon firaminista ya tare a ofis. Faransa kan ɗauki kamar kwana 10. A Amurka mako 11 ne, daga farkon Nuwamba zuwa 20 ga Janairu. Najeriya ta jira wata 3 a 2023, daga zaɓen 25 ga Fabrairu zuwa 29 ga Mayu, Prabowo Subianto na Indunusiya kuwa wata 8 ya shafe yana jiran gado a 2024.

A cikin wannan zama ne tambayar ke tasowa a gidajen rediyo da shafukan sada zumunta da ofisoshin jakadanci: anya zai iya kuwa? Sai masu ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a su bazama, su dawo da adadi, a ce kashi kaza cikin 100 sun gamsu da cancantarsa, kashi kaza suna tababa. In adadin ya yi wa magoya baya daɗi su yi ta yawo da shi, in bai yi ba su ce 'yan adawa ne suka biya aka ƙirƙira. Abin da ba a cika tsayawa a duba ba shi ne ainihin abin da adadin yake aunawa, tunda mutumin da ake tambaya a kansa bai yi ko yini ɗaya a kan kujerar ba.

Galibi zaɓen da aka gama ne ake sake ƙirgawa. Wanda ya ba ka ƙuri'arsa makon jiya ba zai ce yau ba ka cancanta ba, don ya ƙaryata kansa ke nan, wanda ya sha kaye kuma zuciyarsa ba ta riga ta huce ba. Jami'ar Michigan ta Amurka ta daɗe tana tambayar mutane duk wata yadda suke ganin tattalin arziki, kuma abin da take samu bayan kowane zaɓe ya isa darasi. A ƙarshen 2016 'yan Republican, waɗanda suke ta kukan cewa al'amura sun dagule, suka wayi gari suna hango alheri, 'yan Democrat suka karɓi kukan. A 2020 suka yi musaya, a 2024 suka sake. A cikin 'yan makonnin nan albashin kowa bai ƙaru ba, bai ragu ba. Sunan mai jiran gado ne kawai ya canza.

Saboda haka, in ana son a san ko shugaba ya shigo da amincewar jama'a, ni ina ganin a duba ratar da ke tsakanin ƙuri'un da ya samu da yawan masu cewa sun gamsu da shi a makon farko. John Kennedy na Amurka bai kai rabin ƙuri'u ba a 1960, amma awon farko na kamfanin Gallup ya ba shi kashi 72. Barack Obama ya fara da kusan biyu cikin uku a 2009. Donald Trump ya samu kashi 46 na ƙuri'u a 2016, ya fara mulki da kashi 45. Wannan ratar ita ce mutanen da ba su zaɓe ka ba amma suka yarda su yi maka uzuri, su zuba ido su gani. A ƙasashe da dama tana ta tsukewa, kuma tsukewar tata ta fi ba da labarin yadda kan al'umma ya rabu fiye da yadda take ba da labarin mutumin da aka zaɓa.

Waɗanda ba ruwansu da jam'iyya kuwa, da ido suke yanke hukunci fiye da yadda za su yarda su faɗa. A 2005 wani masani a Jami'ar Princeton, Alexander Todorov, shi da abokan aikinsa suka riƙa nuna wa mutane hotunan 'yan takarar majalisar dokokin Amurka biyu-biyu, waɗanda ba su taɓa gani ba, na daƙiƙa ɗaya tak, suna tambaya wanne ya fi kama da wanda ya san aiki. Wanda mutanen suka fi zaɓa a hotunan shi ne ya ci zaɓen a kusan kashi 70 na kujerun majalisar dattawa da aka gwada. Alamar ƙarfi dai tana ga mai ƙiba, amma alama ce. A muhawarar talabijin ta Satumban 1960 Richard Nixon, abokin hamayyar Kennedy, ya fito a rame, bai daɗe da barin asibiti ba saboda ciwon gwiwa, gumi na tsattsafo masa. Kennedy ya fito fes, kamar ya sayar da lafiya. A zahiri Kennedy ne ke fama da doguwar cuta mai suna Addison da ciwon baya mai tsanani, yana rayuwa a kan magunguna, mutanensa suna musantawa. Nixon ya rayu har 1994.

Tambayar "ya cancanta?" tambayoyi ne da yawa a ƙunshe, kuma kowa yakan zaɓi wadda ta fi masa sauƙi ya amsa. Malaman da suka yi rubutu a kan shugabanci tun da daɗewa sun san da haka. Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya jera adalci da ilimi da lafiyar ji da gani da harshe da lafiyar gaɓɓai da kaifin ra'ayi da jarumta a cikin sharuɗɗan shugaba. Kundin tsarin mulki na zamani bai kai can ba. Na Amurka shekara 35 yake nema, da zama ɗan ƙasa tun haihuwa, da zaman shekara 14 a ƙasar. Na Najeriya yana neman zama ɗan ƙasa ta haihuwa, da jam'iyyar da ta tsayar da kai, da karatun da ya kai matakin sakandare, da shekara 35, wadda aka sauko da ita daga 40 a 2018. Da gangan aka bar ƙofar a buɗe, don a bar wa masu zaɓe sauran hukuncin. Sai dai da yake wannan ɓangare ne kaɗai ake iya kaiwa gaban alƙali, a nan hayaniya ta fi taruwa. Obama sai da ya fito da cikakkiyar takardar haihuwarsa a 2011, an yi ta ce-ce-ku-ce a kan takardar sakandaren Muhammadu Buhari a 2015, da takardun karatun Bola Tinubu a 2023. Ba na jin akwai wanda ya sauya ra'ayi saboda ɗaya daga cikinsu.

Batun lafiya ya fi wannan nauyi nesa ba kusa ba, domin a nan ne abin da jama'a suka sani da abin da 'yan fada suka sani suka fi nisa da juna. A Maris na 1944 wani likitan zuciya na sojan ruwa, Howard Bruenn, ya duba shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya tarar da hawan jini mai muni da zuciyar da ta fara gazawa. Ba a faɗa wa Amurkawa ba. Suka zaɓe shi karo na huɗu a Nuwamba, aka rantsar da shi a Janairun 1945, ya rasu ranar 12 ga Afrilu, ana tsakiyar yaƙin duniya. A Brazil, Tancredo Neves ne farar hula na farko da aka zaɓa bayan shekara 21 na mulkin soja. Ya yi kwanaki yana daurewa da ciwon ciki, yana so a ɗage tiyata har sai ya sha rantsuwa, don gudun kada sojoji su sami dalilin fasa miƙa mulki. A daren 14 ga Maris 1985, ana gobe rantsuwa, aka kwashe shi zuwa asibiti. Ya rasu ranar 21 ga Afrilu bai taɓa zama a kan kujerar ba. A Najeriya, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓen 2007 aka fita da Umaru Musa 'Yar'Aduwa zuwa Jamus, jita-jita ta cika gari cewa ya rasu, har Olusegun Obasanjo ya kira shi ta waya a gaban taron jama'a, aka kara wayar a lasifika don mutane su ji muryarsa. An ji muryar, an yi tafi, amma babu wanda ya yi wa masu zaɓe bayanin abin da ke damunsa.

Akwai wata gaskiyar da ke dagula lissafin: rashin lafiya da rashin iya mulki ba abu ɗaya ba ne. Shi wannan Roosevelt tun 1921 ƙafafunsa suka shanye, a keken guragu ya jagoranci ƙasarsa ta fita daga mummunan karayar tattalin arziki. François Mitterrand na Faransa ya hau mulki a Mayun 1981 da alkawarin zai riƙa fitar da rahoton lafiyarsa a kai a kai, saboda Faransawa ba su manta da Georges Pompidou ba, wanda ya rasu a kan mulki a 1974 ana ta ce musu ƙananan larurori ne. Kafin shekarar ta ƙare likitoci suka gano Mitterrand yana da ciwon daji. Aka ci gaba da fitar da rahotannin ba tare da ambaton cutar ba har 1992. Ya cika shekara 14 a kan mulki, ya sauka a 1995. Da an faɗi gaskiya a 1981 da wuya ya sake cin zaɓe a 1988, kuma duk wani ɗan takara mai ciwo ya san wannan lissafin. Jama'a suna hukunta wanda ya faɗi ciwonsa, suna saka wa wanda ya ɓoye, sannan su yi mamakin yadda ake ɓoye musu.

Duk da haka ban yarda da masu cewa lafiyar shugaba sirrinsa ce kamar ta kowa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya nemi a ba shi ragamar sojoji da baitulmali na shekara 4 ko 5 ya riga ya sallama wani yanki na sirrinsa. Ba dole ne a baje kowace takardar asibiti a jarida ba, amma amsar tambaya biyu haƙƙin jama'a ce: shin abin da ke damunsa yana taɓa tunani da iya yanke shawara, kuma akwai yiwuwar ya hana shi kai ƙarshen wa'adi? Matsalar ita ce wanda ake sa ran ya ba da amsar likitan shugaban ne, mai cin albashi a ƙarƙashinsa, wanda kuma sana'arsa ta ɗora masa riƙe sirrin majinyaci. A Fabrairun 2024 likitan fadar White House ya ce Joe Biden yana da ƙoshin lafiyar gudanar da aiki. Ranar 27 ga Yuni miliyoyin mutane suka kalli muhawararsa da Trump suka yanke nasu hukuncin, ranar 21 ga Yuli ya janye daga takara.

Wasu ƙasashe sun gwada cire abin daga hannun likitan gida. Tsarin mulkin Jamhuriyar Benin na 1990 ya ce sai likitoci 3 da kotun tsarin mulki ta naɗa sun tabbatar da lafiyar jiki da hankalin ɗan takara. Dabara ce mai kyau, amma takardar likita ba ta fi ƙarfin wanda ke riƙe da ƙasa ba. Dokar Aljeriya ma tana neman takardar, kuma Abdelaziz Bouteflika, wanda ɓarin jikinsa ya shanye a 2013, ya tsaya takara a 2014 ya ci ba tare da ya zagaya yaƙin neman zaɓe ba. Sai da jama'a suka cika tituna a 2019, da ya nemi wa'adi na biyar, sannan ya sauka ranar 2 ga Afrilu. Duba mara lafiya daga nesa kuma shi ma ba mafita ba ne. A 1964 wata mujalla a Amurka ta tambayi likitocin ƙwaƙwalwa ko ɗan takara Barry Goldwater yana da cikakken hankalin yin mulki, fiye da 1,000 suka ce a'a, alhali babu wanda ya taɓa zama da shi. Ya kai ƙara ya yi nasara, a 1973 ƙungiyar likitocin ta haramta wa 'ya'yanta irin wannan fatawa. A yau aikin ya koma hannun masu yanka bidiyo na daƙiƙa 10, inda tuntuɓe ɗaya a matakalar jirgi kan zama hujja.

Ƙwarewa ita ce ta biyu da mutane ke riƙewa, kuma tarihi bai yi mata adalci yadda masu ita za su so ba. James Buchanan ya yi sanata, ya yi sakataren harkokin waje, ya yi jakada a Rasha da Birtaniya kafin ya zama shugaban Amurka a 1857, ya zuba ido ƙasar tana tsagewa. Wanda ya gaje shi, Abraham Lincoln, wa'adi ɗaya kawai ya taɓa yi a majalisar wakilai, bai kai kashi 40 na ƙuri'u ba, jihohi 7 suka ɓalle tun kafin a rantsar da shi. Herbert Hoover ya shigo a 1929 da sunan injiniyan da ya ciyar da miliyoyin mutane a Turai lokacin yaƙi, babu wanda ya yi tababar iyawarsa, a 1932 aka kayar da shi warwas. Volodymyr Zelensky na Ukraine ɗan wasan barkwanci ne da ya ci kashi 73 a 2019, kuma jarabawar da ta same shi a Fabrairun 2022, lokacin da Rasha ta mamaye ƙasarsa, ba ta cikin abin da kowa ya auna shi da shi.

Kada a ɗauka ina cewa ƙwarewa banza ce. Muna tuna baƙin shiga da suka yi abin kirki ne saboda sun ba da mamaki, waɗanda suka shigo ba su san komai ba suka fita ba su koyi komai ba sun fi su yawa. Abin da waɗannan misalai ke nunawa shi ne babu wani muƙami da ya yi kama da wannan. Gwamna ko minista yana da na gaba da shi da zai jingina wa laifi, shugaban ƙasa kuwa sai abin da ya gagari kowa ne ke isowa teburinsa, kuma yawanci da rabin bayani.

Sai yadda mutum ya hau. Wanda rabin ƙasa ke ganin magudi ne ya kawo shi, ko waliyyi ne ba za su gamsu da cancantarsa ba, domin a wurinsu tambayar ba ta ma taso ba. A nan jadawalin kotu yana da tasiri. A Kenya kotun ƙoli tana da kwana 14 ta yanke hukunci a kan ƙarar zaɓen shugaban ƙasa, kuma ba a rantsuwa sai ta gama. A Satumban 2017 ta soke zaɓen baki ɗaya. A Najeriya sai ranar 26 ga Oktoban 2023 kotun ƙoli ta rufe shari'ar, bayan shugaban ya yi kusan wata 5 yana mulki. 'Yar'Aduwa ya yi wani abu da ba a saba gani ba: a jawabinsa na kama aiki ya amsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya kafa kwamitin gyara ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, ya kuma bayyana kadarorinsa a fili. Bai wanke zaɓen ba, amma ya sassauta zukatan mutane da dama da suka yi niyyar ba za su saurare shi ba.

To in amincewar farko ba ta faɗin wanda zai iya, me ya sa ake damuwa da ita? Saboda da ita ake aiki. 'Yan majalisa suna duba ta kafin su yanke ko za su bi sabon shugaba ko za su ja masa rai. Manyan ma'aikata suna duba ta kafin su san ko umarninsa na aiwatarwa ne ko na ajiyewa a aljihun tebur. Masu ba ƙasa rance suna mayar da ita kuɗin ruwa. Talaka kuma da ita yake yanke ko zai daure wa tsari mai ɗaci. Lokacin da Roosevelt ya karɓi mulki ranar 4 ga Maris 1933, mutane suna ta rububin kwashe kuɗinsu daga bankuna. Ya rufe bankunan na 'yan kwanaki, ranar 12 ga wata ya yi magana ta rediyo cikin harshen da kowa zai gane, ya bayyana abin da ke faruwa da abin da aka yi. Da aka fara buɗewa washegari, layin masu mayar da kuɗi aka gani. Liz Truss, tsohuwar firaministar Birtaniya, ta ga ɗaya gefen. 'Yan jam'iyyarta kimanin 81,000 ne suka ɗora ta a Satumban 2022, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 65. Gwamnatinta ta sallami babban ma'aikacin baitulmali a kwanakin farko, ta sanar da rage haraji na fam biliyan 45 ba tare da faɗin inda za a cike giɓin ba, ba kuma tare da hasashen hukumar da ke tantance kasafi ba. Fam ya faɗi zuwa kusan dala 1.03, babban banki ya shigo ceto, ta bar ofis bayan kwana 49.

Amincewar da ta yi yawa ita ma tana da nata haɗarin, don takan sa a daina tambaya. Buhari ya shigo a 2015 a matsayin ɗan adawa na farko da ya kayar da shugaba mai ci a Najeriya, da farin jinin da har wasu ke cewa tsoronsa kawai ya isa ya daidaita al'amura. Ministocinsa sai a Nuwamba aka rantsar da su, kusan wata 6 bayan ya kama aiki, kuma a tsawon lokacin duk wanda ya yi ƙorafi sai a ce masa ya yi haƙuri. Daga baya, a 2023, aka sa a tsarin mulki cewa dole shugaba ya miƙa sunayen ministoci cikin kwana 60.

Wannan ya kawo mu ga ɗan abin da ake iya gani da gaske a lokacin jiran gado. Ba shi da yawa, amma ya fi hoto da takardar makaranta amfani, kuma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Naɗe-naɗe ne aikin mulki na farko da mutum ke yi tun kafin rantsuwa, kuma ba a iya ɓoye su. Lula da Silva, tsohon ma'aikacin masana'antar ƙarfe da bai yi zurfin karatu ba, ya tsorata kasuwa a 2002 har kuɗin Brazil ya yi ta zubewa. A watan Yuni ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa cewa zai mutunta yarjejeniyoyin da ƙasar ta ƙulla, da ya ci kuma ya ɗauko Henrique Meirelles, tsohon shugaban wani bankin Amurka da aka zaɓa ɗan majalisa a jam'iyyar abokan hamayyarsa, ya ba shi babban banki. Nelson Mandela a 1994 ya bar Derek Keys a ma'aikatar kuɗi da Chris Stals a babban banki, dukansu daga gwamnatin da ta gabata. Lincoln ya cika majalisar ministocinsa da mutanen da suka yi takarar fid da gwani da shi. Ba sai ka yarda da manufofin waɗannan mutane ba kafin ka gane abin da naɗin ya nuna: shugaban zai iya zama ɗaki ɗaya da wanda zai ce masa a'a. Wanda jerin sunayensa na farko duk 'yan gida ne da 'yan amshin shata shi ma ya ba da amsa.

Mataimaki kuwa kusan ba a auna shi sam. Akan ɗauko shi ne don daidaita yanki ko addini ko ɓangaren jam'iyya, masu zaɓe su wuce sunansa ba su karanta ba. Harry Truman kwana 82 ya yi a mataimakin Roosevelt, ko cikakken bayanin bam ɗin nukiliya ba a yi masa ba, sai ga shi da shawarar jefa shi a hannunsa. 'Yan Brazil da suka yi murnar Tancredo sun ƙare da José Sarney, wanda har 1984 shi ne shugaban jam'iyyar da ke mara wa sojoji baya. Samia Suluhu Hassan ta gaji John Magufuli a Tanzaniya a Maris na 2021, wata 4 da rantsar da shi a wa'adi na biyu, bayan makonnin da hukumomi suka yi suna cewa lafiyarsa ƙalau.

A ganina tambayar da ta fi "zai iya?" amfani ita ce wannan: in ya kasa, za mu sani, kuma akwai wanda zai iya yin wani abu? Ta farko hasashe ce, ta biyu kuwa a rubuce take, kowa zai iya buɗe kundi ya karanta. Amurka ta yi gyara na 25 a tsarin mulkinta a 1967, bayan kisan Kennedy da kuma tunawa da Woodrow Wilson, wanda ya kwanta da shanyewar jiki a 1919, matarsa ta zama ita ce ƙofar shiga wurinsa. Sashe na 4 na gyaran ya ba mataimaki da rinjayen ministoci ikon bayyana cewa shugaba ya gaza. Ba a taɓa amfani da shi ba. Sashe na 144 na tsarin mulkin Najeriya ya bi irin hanyar: sai kashi biyu cikin uku na majalisar zartarwa sun zartar, sannan shugaban majalisar dattawa ya naɗa likitoci 5, ciki har da likitan shugaban. Raunin duka biyun ɗaya ne, mutanen da ake jira su tayar da maganar shugaban ne ya naɗa su, kuma faɗuwarsa faɗuwarsu ce. Amma kafin a ce a sauƙaƙa hanyar, a tuna da Tunisiya: a daren 7 ga Nuwamban 1987 firaminista Zine El Abidine Ben Ali ya tara likitoci suka sa hannu cewa Habib Bourguiba ya tsufa ya rikice, ya hau kujerar, ya zauna har 2011.

Najeriya ta ɗanɗana raunin nata tsarin a aikace. 'Yar'Aduwa ya tafi jinya Jidda ranar 23 ga Nuwamban 2009 bai rubuta wa majalisar dokoki wasiƙar miƙa aiki ga mataimakinsa ba. Ministoci suka zauna suka ce bai gaza ba, alhali yawancinsu ba su sa shi a ido ba. Dora Akunyili ce ta fito a cikinsu ta ce a faɗi gaskiya. Ƙasar ta yi fiye da wata 2 babu mai cikakken ikon sa hannu. Ranar 9 ga Fabrairun 2010 majalisar dokoki ta fake da larura, ta ɗauki wata gajeriyar hira da ya yi da BBC ta waya a Janairu a madadin wasiƙar, ta ayyana Goodluck Jonathan muƙaddashin shugaban ƙasa. A shekarar aka gyara sashe na 145: in shugaba ya yi kwana 21 bai aika wasiƙa ba, majalisa za ta iya ɗora mataimaki da ƙaramin rinjaye. A 2017 Buhari ya tafi jinya Landan sau biyu, na biyun ya haura kwana 100, kuma duk sau biyun ya aika wasiƙar, Yemi Osinbajo ya riƙe ƙasar. Sunan ciwon kuwa, har ya sauka a 2023 fadarsa ba ta taɓa faɗa wa 'yan ƙasa ba.